Labarin Ƙanjamau A Tambayi Jini

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To amma tarihin ƙanjamau ya nuna cewa nata labarin sai an tambayi jini.

A shekarar 1983 masana a Cibiyar Pasteur da ke Faransa suka gano ƙwayar cutar, a 1985 kuma aka amince da gwajin jini na farko a Amurka. A 1986 Nijeriya ta ba da sanarwar ɓullarta. A wancan zamani, a garuruwa irin su Jangebe ta ƙasar Talata Mafara, wadda ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato har zuwa 1996, da ido ake yanke hukunci. Sunan cutar ma daga ƙanjamewa ya fito. Ramamme ya sha zargi, mai ƙiba ya saki jiki, alhali ƙwayar kan yi shekaru a jiki ba alama.

A 1997 Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon Ministan Lafiya, ya fito fili ya ce ita ce ta kashe ƙanensa Fela. A 2002 Gwamnatin Tarayya ta soma raba maganin danne ƙwayar, sai gwaji ya zama ƙofar magani. A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure.

'Yan'uwa marubuta, mu daina zana mai ƙanjamau a matsayin ramamme mai jiran kabari. Mu kai taurarin littattafanmu asibiti a gwada su, mu ma mu bi sahu.