Rawanin Amadu Ɗan Bassa

Yau mun koma shekarar 1899, lokacin da Nasaru suka shigo Zinder.

Mu fara da su Nasarun, don su ma ba lafiya suka iso ba. Rundunar Voulet da Chanoine ce, wadda ta ƙone garuruwa a hanya har Birnin Konni. A watan Yuli suka harbe Kanar Klobb da aka turo ya tsayar da su, sai sojojinsu baƙar fata suka juya suka kashe su biyun. Laftanan Pallier ya gaji rundunar da ta riga ta ɗanɗana jinin shugabanninta. Ya ci yaƙin Tirmini a ƙarshen watan, ya shiga Birni, bai daɗe ba ya koma yamma. Joalland da Meynier suka karɓa, su ma a watan Oktoba suka nufi Tafkin Chadi. Garin Tanimu, mai ganuwa da igwa, aka bar shi hannun sarjan guda, Bouthel.

To a wannan rikicin ne aka naɗa Amadu Ɗan Bassa. Ɗan'uwansa Sarki Amadu Kuran Daga, wanda ya sa aka kashe Kaftin Cazemajou a 1898, ya fice daga gari bayan Tirmini, aka bi shi aka kashe a watan Satumba.

Ku duba irin rawanin da ya ɗauka. Waɗanda suka kashe ɗan'uwansa su suka ɗora masa shi. Sarkin Damagaram da yaƙi yake ciyar da fadawa: ganima, bayi, harajin garuruwa, da fataucin hamada zuwa Tarabulus. Yanzu ba shi da ikon fita yaƙi. Hatsi, dawaki, raƙuma da ƴan dako kuwa kullum kumandan na nema, kuma ta bakin sarki ake karɓa. Talaka ya ga sarki ke tatsarsa. Nasara kuma, in kaya suka yi jinkiri, ya ce sarki na da wata manufa. Tsakaninsu sai tafinta, wanda abin da ya faɗa shi ne gaskiyar ranar.

A ganinmu, nan abin ya lalace tun kafin 1906. A shekarar nan hankalin Turawa a tashe yake: tawayen Kobkitanda a ƙasar Dosso, ga na Satiru kusa da Sakkwato. Aka zargi Ɗan Bassa da shirya kashe Nasarun Zinder, aka tuɓe shi, aka kai shi Côte d'Ivoire. Masu shekaru cikinku sun tuna fim ɗin Mahamane Bakabé a kan wannan lamari.

Nasaru ba su naɗa wani ɗan sarki ba. Suka miƙa riƙon ƙasar ga Ballama, bawan fada. Sai a 1923 sarauta ta dawo gidanta, da naɗin Barma Mustafa, shekara uku kafin a ɗauke babban birni daga Zinder a kai Yamai.