Yadda ake sa ido kan cutar sanƙarau a ƙasashen Sahel

Sanƙarau cuta ce da ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, kuma ƙwayoyin da ke haddasa annobarta suna yaɗuwa ne ta tari da atishawa da cunkoso. Ta fi ƙamari a wani zirin ƙasashe 26 da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, ya ratsa Arewacin Najeriya da Nijar da Chadi. Wani likitan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ne ya zayyana wannan ziri a 1963.

Lokacinta yakan kama daga Disamba zuwa Yuni, sa'ad da ƙurar hunturu da zafin bazara ke busar da hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta samu kafar shiga jini. Da zarar damina ta kankama, sai ta lafa.

Tushen tsarin

Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. A Najeriya kaɗai sama da 11,000 suka rasu. Bayanta ne aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa mai kula da rumbun allurar rigakafi a 1997. A 1998 kuma ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ɓullo da tsarin bai ɗaya na sa ido kan cututtuka da ɗaukar mataki.

Yadda rahoto ke tafiya

Aikin yana farawa ne daga asibiti ko ɗakin shan magani. Duk wanda zazzaɓi ya kama farat ɗaya tare da sandarewar wuya, ko jaririn da maɗigarsa ta kumbura, ana rubuta shi cikin waɗanda ake zargi. Daga nan rahoto ya tafi wurin jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, sai jiha, sai Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Najeriya, wato NCDC. Kowane mako ake aikawa, ko da ba a samu ko mutum ɗaya ba.

Ana kuma ɗebo ruwa daga ƙashin bayan majinyaci domin gano nau'in ƙwayar. Babban ɗakin gwajin Najeriya yana Gaduwa a Abuja, na Nijar kuwa cibiyar CERMES ce a Yamai.

Ma'aunin annoba

A yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka samu uku cikin kowane 100,000 a mako guda, an shiga matakin gargaɗi, sai a tsananta bincike a tanadi magani. Idan suka kai 10, annoba ta tabbata, kuma ana son a fara rigakafin gaggawa cikin mako huɗu.

Abin da sa ido ya gano

Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta kusan kawar da nau'in A. Gwaje-gwaje ne suka nuna cewa nau'in C ya fara kunno kai a Sakkwato a 2013, sannan ya haddasa annoba a Nijar a 2015. A ƙarshen 2016 ya ɓulla a Zamfara, amma sai a Fabrairun 2017 labari ya isa NCDC. Kafin annobar ta lafa, an samu sama da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu.

A 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko da ta yi amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar: A, C, W, X da Y. Burin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kawo ƙarshen annobar sanƙarau nan da 2030, kuma cikarsa ya rataya ne a kan saurin kai majinyaci asibiti da saurin isar rahoto daga ƙauye zuwa hukuma.