Daga "Kabari Kusa" Zuwa Dokar Hana Tsangwama: Waiwaye Kan Tarihin Ƙanjamau a Nijeriya

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. A wannan ɗan taƙaitaccen nazari za mu bi sawun cutar ƙanjamau a ƙasarmu, mu ga rawar da birnin Abuja ya taka wajen sauya matsayin masu ɗauke da ita, da kuma abin da ya rage a wuyanmu.

Zamanin Musu da Ɓoyo

A shekarar 1986 aka ba da sanarwar samun mai ɗauke da cutar na farko a Nijeriya. Jama'a da dama suka ƙaryata, wasu suka ce ciwon Turawa ne, wasu suka ce sammu ne. Sunayen da Bahaushe ya raɗa mata su ne shaidar yadda ya ɗauke ta. "Ƙanjamau" ya dubi ramar jiki, "kabari kusa" kuwa ya yanke wa majiyyaci hukunci tun yana da rai. Wanda aka laƙaba wa irin wannan suna, ina zai yarda ya je gwaji? A cikin wannan shiru cutar ta yi ta yaɗuwa: binciken da ake yi kan mata masu zuwa awo ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya haura zuwa kashi 5.8 a 2001.

Bangon ɓoyo ya fara tsagewa a watan Agustan 1997, sa'ad da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon Ministan Lafiya, ya fito ya shaida wa duniya cewa ƙanjamau ce ajalin ƙanensa, mawaƙi Fela. A 1998 masu ɗauke da cutar suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, NEPWHAN, suka fara magana da bakinsu.

Alkawarin Abuja

A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka hallara a Abuja bisa gayyatar Shugaba Olusegun Obasanjo, suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu. A wannan taro ne Kofi Annan ya yi kiran a kafa asusu na duniya don yaƙar cutar, aka kuwa kafa shi a 2002. A shekarar ce gwamnati ta fara raba magungunan rage kaifin cutar a kan rangwame, da nufin kai wa manya 10,000 da yara 5,000, sannan ta mayar da su kyauta a 2006. Kwamitin da aka kafa a 2000 ya zama hukumar NACA a 2007. Da samuwar magani, sai sunan "kabari kusa" ya fara zama ƙarya, domin mai shan magani a kan kari yakan rayu, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Sai dai kasafin lafiya na gwamnatin tarayya bai taɓa kai kashi 15 ɗin nan ba, tallafin waje, musamman shirin PEPFAR na Amurka, shi ya ɗauki kaso mai tsoka na kuɗin magani.

Nauyin da ke Kan Mata

Ƙididdigar 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana a Abuja a watan Maris 2019, ta nuna kashi 1.4 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da cutar, amma mata sun ninka maza: kashi 1.9 ga mata, 0.9 ga maza. Mace ce ake gwadawa a wurin awo, don haka ita ake fara ganewa, ita ake zargi, sau da yawa kuma ita ke karɓar duka ko takardar saki, alhali ba a gwada mijin ba. Dokoki biyu sun taɓo wannan rauni: dokar hana nuna bambanci ga masu ƙanjamau ta 2014, wadda ta haramta korar ma'aikaci saboda cutar, da dokar hana cin zarafin jama'a ta watan Mayun 2015, wadda ta fara aiki a Babban Birnin Tarayya kafin jihohi su bi sahu.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ke nuna mana shi ne, magani ya riga tausayi isowa gidajenmu. Dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 kuma ya tuna mana cewa kwaɗon aro ba ya rufe ƙofa har abada, dole mu nemi gwamnati ta cika alkawarin 2001. Mu kuwa ɗalibai da malaman harshe, namu aikin yana kan fatar baki da alƙalami. Mu daina kiran ɗan'uwa da sunan kabari, mu dafa wa matar da aka kora daga ɗakinta ta nemi haƙƙinta a gaban doka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.