Awa Keita: Ungozomar da ta Kai Kukan Masu Naƙuda Majalisa

A Zangonmu na Wagadugu, kafin a rushe tsohuwar unguwar a 2003 mu watsu a sababbin unguwanni, mun tashi mun tarar ana kiran ungozoma ne bayan an sauka. Aikinta yanke cibiya, wanke jariri da binne mabiyiya. Naƙudar kuwa mace ke yin abinta ita kaɗai a ƙuryar ɗaki, domin kunya ta hana ta ɗaga murya, musamman a haihuwar fari. Da yawanmu mun san gidan da wannan shirun ya bar marayu. Shi ya sa ya dace mu san tarihin wata ungozomar asibiti da ta taɓa aiki a ƙasar da yau ake kira Burkina Faso.

An haifi Awa Keita, wato Hauwa a bakinmu, a Bamako ranar 12 ga Yuli 1912. Mahaifinta ya sa ta makarantar boko a 1923, alhali mahaifiyarta ba ta so. Daga nan ta wuce makarantar likitanci ta Dakar, ta fito da shaidar ungozoma a 1931. Gawo aka fara tura ta, can bakin Kwara, a zamanin da mata ba su saba miƙa kansu ga ma'aikaciyar Nasara ba. Bayan Gawo ta yi aiki a Tugan, Kayes da Niono. Tugan ɗin nan tamu ce: daga 1932 zuwa 1947 Faransa ta rarraba ƙasar Volta tsakanin maƙwabtanta, yankin Tugan ya faɗa ƙarƙashin Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau.

Ita da ta karɓi haihuwar mata masu ɗimbin yawa, Allah bai ba ta haihuwa ba. Aurenta da likita Dauda Diawara, wanda aka ɗaura a 1935, ya mutu a 1949 saboda matsin dangin miji a kan rashin ɗa. Ke nan ta san ciwon mace ta fuska biyu: na wadda ciki ke neman halakawa, da na wadda ake wulaƙantawa don ba ta samu ba.

Aikin ungozoma ya buɗe mata ƙofofin da ba a buɗe wa namiji. Da ta shiga jam'iyyar RDA a 1946, ta yi amfani da wannan amana wajen wayar da kan mata. Bayan zaɓen 1951 a Gawo, hukumar mulkin mallaka ta hore ta da canjin wurin aiki zuwa Bignona a Senegal, sannan Nara. Hakan bai karya mata gwiwa ba. A 1958 ta zama mace ɗaya tilo a ofishin siyasa na jam'iyyar, a 1959 kuma aka zaɓe ta 'yar majalisa, mace ta farko a ƙasarta.

A nan ne abin da ta gani a ɗakin haihuwa ya zama doka. Tana cikin waɗanda suka tsaya a kan dokar aure ta Mali ta 1962, wadda ta wajabta yardar amarya, ta ƙayyade sadaki, ta kuma hana aurar da yarinya kafin shekara 15. Ungozoma ta fi kowa sanin dalili: idan ƙugun yarinya bai gama buɗewa ba, kan jariri yakan maƙale, naƙuda ta yi kwanaki, jaririn ya mutu, uwar kuma ta tashi da yoyon fitsari, in ma ta tashi.

Juyin mulkin 1968 ya raba ta da siyasa. Ta zauna a Brazzaville, ta wallafa tarihin rayuwarta, Femme d'Afrique, a 1975, ta komo gida, ta rasu a Bamako ranar 7 ga Mayu 1980.

Mu fa? Tun 2016 gwamnatin Burkina Faso ta ɗauke wa mata kuɗin awon ciki, haihuwa da tiyatar ciro jariri a asibitocinta. Uzurin kuɗi ya ragu, sauran ya rage namu. Har yanzu akwai matar da ke jiran izinin miji yana can kasuwa ko kan hanyar fatauci, jini na zuba. Akwai wadda ke tsoron asibiti don ba ta jin Faransanci, Mosancinta kuma bai kai ta bayyana inda ke mata ciwo ba.

Magidanci ya bar izini a gida tun kafin watan haihuwa ya kama. Iyaye kuma su bar 'ya'yansu mata su yi karatu har su zama ungozomomi, domin mai naƙudarmu ta sami wadda za ta ce mata "sannu" da harshen da ta sha a nono. Mahaifin Awa shi kaɗai ya yanke irin wannan shawara a 1923, mata a ƙasashe uku suka ci moriyarta.

Allah ya jiƙanta, ya sauki masu ciki lafiya.