Shakespeare a ajin sakandare: me ya sa ɗalibai ke ɗari-ɗari da shi?

William Shakespeare, marubucin wasan kwaikwayo ɗan Ingila, ya rasu tun 1616, amma har yau ɗalibin adabin Turanci a Najeriya, Ghana, Saliyo, Gambiya da Laberiya ba ya tsallake shi. Hukumar WAEC takan ɗora wasansa ɗaya a manhaja na tsawon shekara biyar: Othello daga 2016 zuwa 2020, sannan A Midsummer Night's Dream daga 2021 zuwa 2025.

Da yawa daga cikin ɗaliban dole ce ta kai su ajin. A Najeriya, mai neman gurbin karatun lauya a jami'a sai ya ci darasin adabin Turanci. Don haka wasan da aka rubuta domin a kalla a dandamali ya zama shingen da ake neman hayewa.

Babban abin da ɗalibai ke kuka da shi shi ne harshe. Turancin Shakespeare ya haura shekara 400, kuma ko yaran Ingila sai da sharhi suke gane shi. Ɗalibin makarantar gwamnati a Kano ko Gusau kuwa, wanda Turanci ne harshensa na biyu ko na uku, wahalarsa ninki biyu ce. Tsarin jarrabawa ya ƙara dagula lamarin, domin ana kawo ɗan yanki daga wasan a tambayi wa ya faɗa, kuma wa ya faɗa wa. Sakamakon haka, ɗalibai kan jingine littafin su rungumi ƙananan littattafan taƙaitawa, su haddace amsoshi.

Akwai kuma ƙorafin siyasa: me ya sa marubucin ƙasar da ta yi mulkin mallaka ke da kujerar dindindin a manhaja? Muhawarar tsohuwa ce. A 1968 Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu suka nemi a rushe sashen Turanci na jami'ar Nairobi, a sa adabin Afirka a gaba. Julius Nyerere ya bi wata hanya dabam: yana shugaban Tanzaniya ya fassara Julius Caesar da The Merchant of Venice zuwa Suwahili. A ƙasar Hausa ma, Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night zuwa Daren Sha Biyu.

Waɗannan fassarori sun nuna cewa labaran ba baƙi ba ne. Julius Caesar labarin makarkashiyar kashe shugaba ne da yaƙin da ya biyo baya. Othello baƙar fata ne, janar a rundunar Banis, wanda makirci da kishi suka hallaka. Jigo ne da mai kallon finafinan Kannywood zai gane nan take. Ɗalibin da aka ba wa labarin da harshensa, ya kuma ga an taka wasan a gabansa, ya fi wanda aka bari da hadda damar yanke hukunci da kansa a kan ko Shakespeare ya cancanci kujerar tasa.