Suna Linzami Ne

'Yan makaranta da yawa sun san labarin Barth, Bajamushen nan da gwamnatin Ingila ta aiko, wanda ya shigo Kano cikin 1851 yana kiran kansa Abdulkarimu. Mu da muka tsinci sunansa cikin littattafan Ingilishi, mukan ƙarasa shi da harshe tsakanin haƙora, yadda aka koya mana faɗin TH. Ashe a garinsu Hamburg "Bart" ake cewa, gama Jamusawa ba su da wannan sauti. Abin da ya sami sunan Barth a bakinmu ya sami sunayen dubban mutanen Jamus da na Holanda da suka yi ƙaura zuwa ƙasashen masu jin Ingilishi, musamman Amurka.

Mutanen Holanda ne suka kafa birnin da ake kira New York. Turawan Ingila suka ƙwace shi cikin 1664, amma zuriyar masu garin ba su tashi ba. Daga cikinsu aka sami gidan Roosevelt, wanda ya ba Amurka shugabanni biyu, Theodore cikin 1901, da Franklin cikin 1933. Ma'anar sunan filin fure. A harshen Holanda, O biyu a jere O ce mai ja, amma mai karatun Ingilishi ya saba mayar da su U. Saboda haka mutane da yawa suka riƙa cewa "Ruz", alhali masu sunan "Roz" suke farawa da shi. Nan rubutu ya tsaya, lafazi ya kauce.

Jamusawa kuwa sun fara zama a Pennsylvania cikin 1683. Kakannin Janar Eisenhower, wanda ya zama shugaban Amurka cikin 1953, sun sauka can cikin 1741, suna rubuta sunansu Eisenhauer, watau masarin ƙarfe. Daga baya aka sāke rubutun ƙarshensa don maƙwabta su faɗe shi kusa da daidai. Nan kuma aka ba da rubutu, aka fanshi lafazi. Waɗansu suka gaji da gyara wa mutane baki, Schmidt, watau maƙeri, ya koma Smith.

Akwai kuma waɗanda tsoro ya raba da sunansu. A lokacin Babban Yaƙi na Farko, sunan Jamus ya zama abin zargi a Ingila. Cikin 1917 Sarki George na Biyar ya yar da sunan gidansu, Saxe-Coburg-Gotha, ya ɗauki Windsor, danginsa na Battenberg suka koma Mountbatten. In har sarki ya yi haka a kan gadonsa, ina ga talaka mai ɗan kanti?

To, kun ga suna yana ɗauke da labarin inda mutum ya fito, da abin da ya tarar a hanya. Ƙa'idar karatun Ingilishi da muke koya muku ba ta hukunta sunan kowa ba. In kun gamu da baƙon suna, kada ku yi masa karambani. Ku tambayi mai shi yadda ubansa ya faɗa, ku riƙe haka nan. Matambayi ba ya ɓata.