Wa Zai Shaida Abinci Ya Isa Makaranta? Bulokcen da Kwangilar Ƙananan Hukumomi

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama tsakanin wasu masana harkar mulki, wai da zarar ƙaramar hukuma ta ɗora kwangilolinta kan bulokcen, wato kundin kwamfuta da ba a iya sauya abin da aka shigar cikinsa a ɓoye, ta hanyar yarjejeniyar kwamfuta mai zartar da kanta, to an toshe ƙofar almundahana. 

Ƙasar Jojiya ce hujjar da suka fi jingina da ita, saboda ɗora rajistar filayenta kan bulokcen tare da kamfanin Bitfury a 2016. Sai dai ta riga ta tsabtace rajistar shekaru kafin nan, kuma aikin na gwamnatin ƙasa ne. Honduras ta gwada da kamfanin Factom a 2015 kan takardun da ke cike da rikici, abin ya tsaya cik.

Kolombiya ta fi dacewa da batunmu. A can badaƙalar ciyar da ɗalibai ta kai har aka ga ƙirjin kaza ɗaya a kan peso 40,000 cikin takardun kwangila a Cartagena. Daga 2019 zuwa 2020 Taron Tattalin Arziki na Duniya da ofishin babban sufeton ƙasar suka tsara manhajar tayin kwangila kan bulokcen na Ethereum, da nufin gwada ta a Medellin. To, ko da an ɗora wa irin wannan manhaja biyan kuɗi, wa zai gaya mata cewa kaza ta shiga tukunya? Mutum ne. In ya shigar da ƙarya, manhaja za ta biya kuɗi, ta kuma adana ƙaryar yadda ba mai iya goge ta.

Mai adawa zai ce a sa shugaban makaranta da iyayen yara su sa hannu, a haɗa da hotuna. Shawara ce mai kyau, amma ga alama ta rusa iƙirarinsa na farko, domin amana ta sake komawa hannun mutanen da ɗan kwangila zai iya lallaɓawa. Zai ƙara da cewa ai yanzu an san wanda ya yi ƙaryar. An sani, hukunta shi kuwa aikin kotu ne.

Abin da hujja ta yarje a faɗa kaɗan ne: tayin da aka miƙa ba ya sauyuwa a ɓoye bayan rufe karɓa. Wannan riba ce ta gaske, ko da yake ba ta hana 'yan kwangila haɗa baki kafin su miƙa. Ƙaramar hukumar da ba ta da mai binciken kuɗi mai cin gashin kansa, ta fara samo shi tukuna.